Sabon Iri a Gonar Baba

Litinin, 3 ga Yuni
Mun shuka. Shekara ta uku ke nan da na kawo wa Baba wannan waken soyan da aka sauya wa halitta. A fesa maganin kashe ciyawa a kansa, ciyawa ta mutu, shi ko gezau. Da na fara aikin malamar gona har dariya aka yi wa Baba, wai ya ba 'ya mace gona ta yi wasan makaranta. Yau masu dariyar ne suka tsaya a bakin hanya suna leƙe. Na gaishe su da kyau.

Laraba, 26 ga Yuni
Feshi na farko. Ni na goya injin da kaina, kafaɗata na ciwo amma ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 5 ga Yuli
Gona tas, kamar an share ta da tsintsiya. Baba ya yi ta zagayawa hannu a baya. Ya ce rabonsa da damina ba ciwon baya tun yana saurayi. A hanya na ji yana ce wa wani, "Ai malamar tawa ce." Na yi kamar ban ji ba.

Talata, 23 ga Yuli
Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba. Amyoyinta shida suna kan bishiyoyin iyakar gonar. Wai ƙudan zuma sun ragu, na amya biyu ma sun tashi. Na ce maganin na ciyawa ne, ba na ƙwari ba. Ta ce, "To 'yar boko, furen da suke sha a jikin me yake fitowa?" Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki takalmanta.

Gaskiya ban ji daɗin bayanin nawa ba.

Asabar, 10 ga Agusta
Akwai wata ciyawa mai jan kara a kusurwar gabas. Na fesa ta makon jiya, ta ɗan langwaɓe ta miƙe. Bara 'yan tsiraru na gani, na ce injin ne ya tsallake su. Yau na ƙirga zuwa tamanin na daina. Baba ya ce halina ta ɗauko.

Laraba, 14 ga Agusta
Na kira wakilin kamfanin iri. Ya ce in ƙara ƙarfin maganin. Na tambaye shi in ciyawar ta saba da wannan ma fa. Ya ce za su fito da wani.

Da na ajiye wayar na bi iyakar gona har rafi. Da can wurin nan cike yake da furanni kala-kala da malam-buɗe-littafi. Yanzu ƙasa ce tsirara, ruwan sama ya fara yankar ta yana kwashewa zuwa rafi. Na ɗauki hotuna. Don ajiya kawai.

Alhamis, 15 ga Agusta
Ban ƙara maganin ba. Da hannu muka cire ciyawar, ni da Baba, tun safe har azahar.

Litinin, 28 ga Oktoba
An gama casa. Babu gonar da ta kai tamu a duk yankin, shugaban ofishinmu na aikin gona da kansa ya faɗa a gaban kowa, har da tafi. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na yi aikin nan, rana ta gasa ni a kansa.

Rahoton da na miƙa shafi huɗu ne. Uku na amfanin gona. Na huɗun ciyawar ce da rafin da amyoyin Gwaggo. Shugaba ya karanta ya ce, "Wannan shafin dole ne?" Na ce abin da na gani ne, ranka ya daɗe. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa hannu.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Taron manoma a harabar ofis, kujeru ba su isa ba. Na yi magana kusan awa guda ba takarda. Irin yana da kyau, na faɗa, kuma har yanzu ina kan bakana.

Can wani dattijo ya ɗaga hannu. "Malama, baɗi duka gonar zan shuka?"

Shekara biyu amsata ɗaya ce: a shuka duka. Yau sai na ji bakina yana cewa ya shuka rabi, ya riƙa sauyawa da wani abin, kuma ya bar taku biyar a bakin iyaka kada feshi ya taɓa. Ya ce taku biyar ai asara ce. Na ce masa na sani.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Gobe dai zan je da igiya in auna tamu iyakar.