Tikitin Pilau

Shinyanga, 4 ga Yuli

Gwaggo Nyamizi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce in ba ki labarin aikin agajin da na samu. To ga shi: mu bakwai ne a bayan mota, da tanti ɗaya da na'urar awon hawan jini biyu, muna bin bikin kiɗa gari-gari kamar ƙudaje. Makaɗa suna otal, mu muna kan tabarma a ajin firamare.

Duk wanda ya miƙo hannu sai a auna shi, a rubuta masa lambar a kati, a ba shi tikitin pilau. Kada ki ɗauka neman lafiya ke kawo su, shinkafa ce. Madam Frida, shugabarmu, tambayarta ɗaya ce kullum: "Mutum nawa yau?" don ta aika wa masu ba da tallafi. Jiya wani mawaƙi ya zo aka ɗaura masa madaurin awon a kan kwat, aka ɗauki hoto, ya yi gaba.

Ga abin da zai ba ki dariya. Ƙaninki Maganga yana cikin tawagar makaɗan, shi da tsohon ƙahon nan nasa. Shekara goma sha tara da ya bar mu ni da Mama, sai ga shi a layi a Mwanza, wai, "Kalunde, uwata, kin girma." Na ce, "Dattijo, matsa gaba, Yusto ne mai awo." Yau ma ya dawo. Mutum ya tsufa yana bin layin shinkafar kyauta, ko kunya babu.

Ki huta lafiya.
Kalunde

Tabora, 9 ga Yuli

'Yata Kalunde,

Na samu takardarki a hannun direban bas, ƙafa kuma da sauƙi. Wanda kike kira ƙanina ubanki ne. Ba kare shi zan yi ba, sakarai ne tun yana rarrafe. Amma Maganga ba ya cin shinkafa, kumbura masa ciki take yi, duk dangi sun sani. Ba pilau ke kai shi layinku ba.

Ya aiko min da katunanku biyu yana taƙama, wai in ga aikin 'yarsa. Na gani. Mwanza 178 bisa 104, Shinyanga 192 bisa 110. Shekara talatin na yi ina aikin jinya a asibiti, ban taɓa sallamar mai irin wannan lamba da tikitin abinci ba, balle mai busa ƙaho awa biyu cikin rana. Wa ke karanta abin da kuke rubutawa? Ki raba shi da ƙahon nan, ki kai shi asibiti. Fushin ki yi shi daga baya.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

Singida, 13 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ba ni na auna shi ba, kada ki ɗora min. Na tambayi Yusto, ya ce, "Ni rubutawa aka ce in yi, 'yar'uwa, ba a ce in karanta ba." Na sami Madam Frida, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Mu ba asibiti ba ne, wayar da kai muke yi." Mutum dubu uku muka wayar wa kai, ban san ko nawa ne a cikinsu ke yawo da irin katinsa a aljihu ba.

Bai zo layi ba a nan. Tun a Shinyanga na sa mai gadi ya gaya masa tikiti ɗaya ake ba mutum, ya daina damun mu. Ina jiyo ƙahonsa daga tanti, jama'a na ta ihu kamar wani abin kirki yake yi. Ban je ba. Wanda ya yi shekara goma sha tara bai neme ni ba, ai zai iya jira na kwana biyu. In mun isa Dodoma zan auna shi da kaina.

Taki,
Kalunde

Dodoma, 16 ga Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa. Baba ya faɗi a motar makaɗa kafin su iso. Yana da rai, amma ɓarin damansa ya mutu, baki ya karkace. Likita ya ce shi da busa har abada.

A akwatin ƙahon na sami tikitin pilau biyu, ko lanƙwasa su bai yi ba. Madam Frida ta zo da mai hoto, wai a sa shi a rahoto, mutumin da aikinmu ya gano. Na miƙa mata rigar aikinsu a bakin ƙofa.

Na tsani matar nan, Gwaggo, amma ba ita ta sa mai gadi ya kore shi ba.

Ki zo. Ki taho da garin masara, shinkafa suke bayarwa a nan, ya ƙi ci.

'Yarki,
Kalunde Maganga