Alkawarin da na yi wa majo a kan ɗiyata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarar da aka sake buɗe masallatai bayan korona, dussa, wato ƙyanda, ta shigo ƙauyenmu, kusa da Bonkuku. Na kai ɗana namiji gidan likita, majo, babban ma'aikacin wurin, ya yi mishi allurar rigakafi. Ba a yi mako ba ƙuraje suka fito, numfashi ya tsananta. Majo ya goya mu a moto zuwa Filinge, a hanya Allah ya karɓi abinsa. Shi ya juyo da mu, ina rungume da gawar, ya tsaya har aka rufe ta.

Gari ya ce allura ta kashe yaro. Majo bai yi gardama ba, sai bayan sadakar bakwai ya zauna da ni. Ya ce abin da ke cikin allurar ƙwayar cutar ce da aka karya wa ƙarfi, jini ya ga rigarta, maƙeran da Allah ya sa a cikinsa su auna ta, su ƙera abin da zai kama ta duk ranar da ta dawo. Amma ƙira ba ta yini ɗaya ba ce, ɗana kuwa ya riga ya kamu kafin mu zo. Na tambaye shi da mi zan saka mishi, ya ce, "Malam, in Allah ya ba ka wani, ka kawo min shi da wata tara, shi ke nan mun rabu lahiya." Na ce na yi alkawari.

Yanzu Allah ya ba mu ɗiya, ta cika wata tara, kuma dussa ta ɓulla a garin Damana, nan kusa da mu. Uwarta ta rantse in allura ta taɓa yarinyar, za ta tafi gidansu ba dawowa. Ba ta yi ihu ba, tana tankaɗe ta faɗa. Na maimaita mata zancen maƙera, ta ce maƙeran suna ina ranar da aka kawo mata ɗanta a zane.

Ni tun rasuwar ɗana ba na jin komi, ko tsoro ko fushi. Ina salla, ina zuwa gona. Jiya majo ya wuce ƙofar gidana, ya yi sallama kawai, ya dubi yarinyar a bayan uwarta.

Ranar Lahadi uwar za ta tafi kasuwa ta bar min yarinyar. In kai ta a ɓoye, ko in jira yardar uwarta, wadda ƙila dussa ta riga ta zuwa?