Farin Tabo a Hoton Baba

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yaye mana wannan annoba. Auta ta gama jarrabawa. Gwaggo kuwa har yau tana rigima da takunkumi, wai yana hana ta jin magana.

Na rubuto ne don a waya ba na iya sakin baki, kullum Inna na gefena. Ka san yau kwanan Baba tara a ɗakin masu korona na asibitin da nake aiki. Ranar Talata ya farka a rikice, hannunsa na dama ya saki, sai likita ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Ni ce a bakin aiki. Abokiyar aikina ta ce in fita ta karɓe ni, na ƙi, ka dai san taurin kaina. Da hannuna na gyara masa kai a gadon na'urar, na ce kada ya motsa, yadda nake gaya wa kowa. Ya dube ni ina cikin rigar kariya, bai gane ni ba.

Hoton na fitowa a allo na ga farin tabo a gefen hagu, ya kai girman ƙwan kaza. Jini ne ya zuba. Yaya, wata bakwai ke nan ina ɗaukar hotunan masu wannan ciwo. Ni ba likita ba ce, amma ina da ido. Waɗanda hotonsu ya fito fes, yawancinsu na ga an sallame su. Masu irin wannan tabon kuwa, waɗanda suka koma gida ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na tare likita a baranda, bai musa ba. Ya ce rai na hannun Allah, amma wanda ke nesa ya kamo hanya.

A aikinmu mai ɗaukar hoto ba ya fassara hoto, da wannan dokar na fake a gida. Sai Inna ta ce tunda an hana ta ganin fuskar mijinta, in kawo mata hoton kansa. Ni kuma da wautata na kawo. Ta ɗaga shi a taga, ta ɗora yatsa daidai kan tabon, ta ce, "Alhamdulillahi, ga nan ya fara washewa." Tun daga ranar, hoton na jingine a tagar falo, duk wanda ya bugo waya sai ta yi masa albishir. Ni kuwa na kasa zama, abinci ma a tsaye nake ci, jiya sau uku na wanke kwanukan da babu wanda ya ci a ciki.

Ka ce sai ƙarshen wata za ka taso. Ka tuna in ka sauka sai an killace ka sati biyu kafin ka shigo gida. Tsoro nake ji, Yaya, kada ka jira. Ba zan iya ɗauke yatsan Inna daga wurin nan ni kaɗai ba.

Ka gaishe da Anti, da yaranka, Babba da 'yan biyu. Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ta ce lallai in rubuta maka kada ka ta da hankalinka, Baba ya fara samun sauƙi. To, ga shi na rubuta.

Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa.