Burodin Ista a Makon Ƙetarewa

Gwaggo Lieve, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

A gidan Yahudawa aka haife ni nan Antwerp, ni ce auta. Da na girma na karɓi Almasihu, na auri Wouter, dattijo ne a cocinmu. Mame, mahaifiyata, ta daɗe ba ta yi mini magana, sai da Babanmu ya rasu, ƙafa ta gagare ta, sannan ta yarda ta dawo ɗakinmu na ƙasa.

Ni nake gasa burodin Jibin Ubangiji kowace Ista, har coci sun saba da hannuna. To bana Ista ta faɗo cikin makon Ƙetarewa, idin Yahudawa, lokacin da ko ɓurɓushin abu mai yisti ba a bari a gida. Mame tana bin kicin ɗina da sanda, tana leƙa bayan murhu, har aljihun rigar sanyina ta zazzage. Na ce mata ai burodin nawa ne, ba nata ba. Ta ce abin da ke cinta ke nan, wai 'yar da ta haifa Bayahudiya ce ko a tekun Ostend aka tsoma ta da sunan baftisma.

Wouter kuwa ya kafe. Ya ce Almasihu ya sauke mana kayan kiyaye ranaku, in na fasa kwaɓin nan na koma bauta da ƙafata. Ba mugu ba ne, shi ke ɗaukar Mame ya sa ta a mota. Amma jiya ta haɗa akwati, wai za ta yi idin a gidan tsofaffi, gara ta yi wa bango tambayoyin da autar gida ke yi a teburin idi. Na san halinta, in ta fita ba za ta dawo ba. In na kwaɓa na rasa uwa, in na fasa ina jin na yi wa Ubangijina butulci. Kuka nake yi kullum.

Auta, Antwerp

'Yata, share hawayenki. Mijinki yana da gaskiya cewa ba kiyaye rana ke cetonki ba, kuma tsoronsa kada ki zame masa ne. Amma ki tuna masa a hankali: 'yancin da ya ba ki damar kwaɓa burodi shi ya ba ki damar barinsa. In an ce dole sai kin kwaɓa don a tabbatar kin 'yantu, ai wata sabuwar doka aka kafa miki.

Ita ma Mame ta wuce gona da iri, aljihunki ba nata ba ne. Sai dai ki saurari abin da take faɗa. Matar da ta sallama ki ba za ta damu da abin da ke cikin murhunki ba.

Ga shawarata. Ki rubuta wa Wouter yadda kike kwaɓin, ya ɗaura ƙyallen girki ya gasa a kicin ɗin coci. In ya fito da tauri, haƙoran jama'a za su jure. Ranar Lahadi ki je sujadarki da kai a ɗage. Amma yau ɗin nan, kafin komai, ki kwance akwatin nan da hannunki, ki shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ki zauna kusa da Mame ki yi mata tambayoyin. Ba ta da wata auta sai ke.

Allah ya sanyaya gidanku.

Gwaggo Lieve