Mai Sanƙo da Mai Jan Riga

Zuwa ga aminina Malam Iliyasu, wanda ni dai Ilu na sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Matameye baki ɗaya? Mu nan Panshekara sai godiyar Allah, in ban da gwiwa da take tuna mini shekaruna duk sanda na tashi daga tabarma.

Rubutu na yi maka saboda waya ta daina yi mana amfani. Ran da ɗanka Hamisu ya kara maka ita a kunne, na yi ta zabga ihu har jikokina suka fito kallo, kai kuwa kana can kana cewa "To madalla, to madalla." Daga baya aka ce mini ka ɗauka mai sayen akuya ne. Shi ya sa na sa wannan a shafina, Hamisu ya nuna maka, tunda ido dai Allah ya bar maka abinka. In wasu sun leƙa sun karanta babu laifi, dama ni da kai ba mu taɓa iya gardama a ɓoye ba.

Ka tuna Baturen injiniyan nan da ya zo kafa sababbin injinan saƙa a masaƙarmu ta Challawa, can ƙarshen shekarun saba'in? Kai ne makanikin da aka haɗa da shi, ni kuwa ina tsaye kan injina ina ɗaura zare. Da zai koma ƙasarsu ya bar maka garmahonsa mai aiki da lantarki, da faifai biyu. Ya ce kiɗa ɗaya ne a cikinsu, wani mutumin can wajensu ya tsara shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, aka rubuta a takarda, hannun da ya kaɗa ne kawai daban. Piyano ne a gaba, a bayansa taron makaɗa, masu goge da masu busa da mai tambari. Muka ce in dai kiɗa ɗaya ne, wace ɓarna ce mutum ya sayi biyu? Ya yi dariya ya ce mu je mu saurara.

Sunayen da ke jikin kwalayen sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Ɗaya akwai hoton wani tsoho, kansa tal babu gashi, ya zama Mai Sanƙo. Ɗayan wata mace ce da jar riga ta ɗaga hannuwa sama, ta zama Mai Jan Riga. Tun ranar Lahadin farko, a ƙofar ɗakinmu na haya a ƙarƙashin darbejiya, kowa ya kama nasa. Kai ka ɗauki matar, ni na ɗauki tsohon, kuma wallahi ko maganar ƙwallo ba ta taɓa haɗa mu irin wannan rigima ba.

Zan faɗi gaskiya tunda mutane na ji: Mai Jan Riga ta iya. Tana shigowa kiɗan kamar wadda ta banko ƙofa ba sallama. Masu busa na gama buɗe fage sai ta sauke hannu biyu a kan piyanon nan, har kwanon shan da ke kusa da garmaho ya ɗauki rawa. A kashi na ƙarshe kuwa, mai kama da kiɗan rawa, gudu take, masu goge na bin ta a baya suna haki. Kai kuma ka miƙe tsaye kana jefa hannu, kana cewa, "Ka ji aiki! Wannan ta karya kumallo kafin ta zo."

Nawa tsohon ba haka yake ba. Shi yana sallama, ya cire takalmi, sannan ya shigo. Inda ita take tsallakewa da sauri, shi sai ya ɗan dakata, har ka ce ya manta, sannan ya ajiye yatsa. Yana jiran masu goge, in sun yi magana ya ba su amsa. Amma inda ya kashe ni shi ne kashi na tsakiya, mai sanyi. Wani mai sarewa ne ke farawa, sai piyano ya karɓa a hankali, a hankali, har sauran makaɗan su ja baya su bar shi shi kaɗai. Ni da ban san ko sunan mutumin ba, sai in ji ina tuna mahaifiyata. Ina son wurin nan, Ilu, har gobe ina son sa.

Kai kuwa me kake cewa? "Tsohonka barci yake yi a tsakiya. An ba shi faifai ya bar rabinsa fili." Ni kuma in ce dama ina Badamagare zai san kiɗan natsuwa, mutanen da ko gaisuwa sai sun yi ta da ƙarfi. Kai ka ce Bakano ne ke son abu a hankali don ya sami damar yin ciniki.

Ka tuna Iya Tabawa, mai gidan da muke haya? Makon farko ta jawo kujerarta ta zauna tana gyaran zogale, ta saurara har faifai ya ƙare, sannan ta ce, "Wai yaushe mawaƙin zai shigo ne? Tun ɗazu ake share masa hanya." Da muka ce babu mawaƙi, ta ce Allah ya kyauta, ta kwashe zogalenta. Amma ba a jima ba muka kama ta tana daka daidai da kiɗan Mai Jan Riga. Ka yi ta yi mini gori da wannan, wai ku biyu ne ni ɗaya.

Haka muka yi shekaru. In aikin safe muka yi, bayan la'asar muna nan. In an kira salla mu ɗaga allurar garmaho, mu je mu dawo, gardama ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Sai wata Lahadi da yamma, ranar da ba na mantawa. Faifaina ne a kai, an shiga wurin nan mai sanyi, tsohon shi kaɗai yana taɓa piyano. Na lumshe ido. Kawai sai na ji kiɗa ya yanke. Na buɗe ido na gan ka da allura a hannu kana shirin juya faifai, kana cewa ai ya ƙare. Na ce wane irin ya ƙare, mutum na tsakiyar kiɗa? Ka dube ni, ka dubi faifan, ka mayar da allurar, ka sunkuya. Ka daɗe a sunkuye. Sannan ka ɗago ka ce, "Sabo, wai da gaske akwai kiɗa a wurin nan?"

Ashe duk shekarun nan ba tsokana kake yi ba. Ƙarar injinan saƙa ta daɗe tana cin kunnenka, mu kuma ba mu lura ba, domin a cikin masaƙa kowa da hannu da leɓe yake magana. Abin da ya yi ƙarfi kana ji, abin da ya yi sanyi ya riga ya tafi. Ranar ba mu yi gardama ba. Da za mu tashi ka ce, "Ina so in ji abin nan da kake so, ko sau ɗaya ne, kafin sauran ya tafi."

Ni ne na kawo dabarar randa. Na ga masu gyaran rediyo a Na'ibawa suna kifa sifika a bakin tukunya don murya ta ƙara kauri, na ce shi ke nan, magani ya samu. Muka lallaɓa Iya Tabawa ta ara mana randarta, bayan ta gama yi mana tas a kan inda za ta zuba ruwan. Kai, jama'a! Da mai tambari ya buga, kajin gidan suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko biki ake. Ƙasa ta yi ta girgiza. Amma da aka zo wurin mai sanyi, ka girgiza kai. Randa ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai, tsohona yana nan a ɓoye. Iya ta ce mu mayar mata da abinta kafin mu koya wa randar hauka.

Kai ne ka samo hanya da kanka. Ka shiga ɗaki ka fito da doguwar sukundirebar aikinka. Ka ce haka kake sauraron cikin inji in yana ciwo: tsinin a jikin ƙarfe, ƙotar a kan ƙashin bayan kunne. Ka durƙusa gaban garmaho, ka ɗora tsinin a jikin akwatin sifika, ka danna ƙotar a bayan kunnenka, ka ce in sa tsohon.

Na sa. Ban saurari kiɗan ba ranar, fuskarka na tsura wa ido. Mai sarewa ya wuce, ba ka motsa ba. Piyano ya karɓa. Sai na ga girarka ta ɗaga, bakinka ya buɗe, yatsun ɗaya hannun suka fara tafiya a kan gwiwarka, daidai da tsohon, har da ɗan dakatawar nan tasa. Hawaye na zuba, kana dariya. Na yi tsalle na rungume Iya Tabawa da ta zo wucewa, ta kai mini duka da muciya.

Da ya ƙare ka ce, "Sabo, tsohon nan yana gunguni! Yana bin kiɗan da bakinsa." Na ce ƙarya kake. Ka miƙo mini sukundireba. Wallahi kuwa, can ƙasa-ƙasa, ga muryar dattijon tana bin yatsunsa, abin da ban taɓa ji ba duk da kunnena biyu. Na ce to yanzu fa, wa ya fi? Ka share ido ka ce, "Ya iya. Amma tawa ta fi shi." Kai dai Badamagare ne har abada.

Ka ci gaba da jin sa ta wannan hanya har lokacin da ita ma ta daina yi. Daga nan ka tattara ka koma gida, ni na zauna.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jikata ta nemo mini kiɗan nan a waya, ashe masu kaɗa shi ba su ƙirguwa, maza da mata, tsofaffi da yara. Na yi ta ji ina kwatantawa, ba wanda zan yi wa musu. Ana haka sai ga saƙon murya daga Hamisu. Ya ce, "Baba Sabo, don Allah wace waƙa ce wannan? Kullum da yamma Baba yana zaune yana yin ta, mun tambayi kowa ba wanda ya sani."

Na kunna abin da ya ɗauko ya haɗo da saƙon. Ga kukan akuya, ga wata tana daka, ga muryarka. Ta tsufa, tana kaucewa, tunda ba ka jin kanka. Amma na gane shi tun daga farko. Kashi na tsakiya ne, mai sanyi. Kuma ba da gudun Mai Jan Riga kake yin sa ba, malam. A hankali kake tafiya, kana dakatawa daidai inda tsohona ke dakatawa. Na kama ka, Ilu! Na yi dariya har na yi kuka, jikokina suka sake fitowa kallo.

Na jera ku, na saurara da kyau, kuma ga hukuncina, ba ɗaukaka ƙara: Mai Jan Riga ta iya, Mai Sanƙo ya fi ta, kai kuma ka fi su duka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci Hamisu da 'yan'uwansa, ya jiƙan Iya Tabawa. Allah ya sa kunnen da aiki ya karɓa ya zame maka lada, ya mayar maka da shi sabo a Aljanna, ya zaunar da mu kusa da juna a can. Amin.

Naka abokin gardama,
Sabo, Panshekara.