Shingen Bakin Gurbi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Abubakar Siddiƙ, maharbi ɗan maharbi, mutumin Tsaskiya ta ƙasar Safana, wanda har furfura ta cinye masa kai ba a daina kiransa Jinjiri ba. Ina faɗin wannan magana a Batsari, a gidan surukina Zaharaddeen. Ɗiyata Nusaiba ke rubutawa, Malam Tayyib limamin unguwa yana zaune yana saurare. Hankalina ɗaya, ban ruɗe ba. Ƙafafu ne suka kumbura, ƙirji kuma ya ƙi ɗaukar numfashi, amma kai lafiya lau yake. Wanda duk ya ce daga baya tsoho ya gigice ne, ya zo ya tambayi Malam.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Armaya'u babba, da Gambo mai bi masa, waɗanda ke can kurmi, da Nusaiba auta da ke jinyata.

Na ɗaya. In ta Allah ta kasance, a rufe ni nan Batsari, kada a jira kowa. Babu wanda ke bina kuɗi, ni ma ba na bin kowa. Gonarmu ta Tsaskiya, wadda ɗan ƙanena Faisal ke nomawa in hanya ta yi lafiya, a raba ta yadda shari'a ta ce, a gaban Malam. Ba na son a sayar, amma wannan roƙo ne, ba umurni ba.

Kafin in je ga na biyu, sai na tuna muku yadda muka isa kurmi, don na lura ƙoshi ya sa wasunku mantuwa.

Lokacin da dajin Rugu ya fi ƙarfin maharba, aka kwashe mana shanu, aka kai ga mutum ba ya iya zuwa gonarsa, na ɗauki uwarku Hansai da ku maza biyu muka bi motar goro zuwa kudu. Nusaiba tana ɗakin mijinta a lokacin. Muka yi ta tafiya har mota ta ƙare, muka hau kwalekwale, muka sauka a wani ƙauye bakin kogi kusa da iyakar Kamaru, inda ba mu san kowa ba sai wani mai sayen ƙiraga da ya kwatanta mana wurin. Na sauka da bindigata ta toka da karnuka huɗu, ina taƙama. A raina na ce daji ai daji ne.

Ashe ban san komai ba. A Rugu nakan hango gada tun daga nesa, in karanta sawunta a ƙasa kamar allo. A kurmi ganye ne a ƙasa, ganye a sama, rana ba ta shiga, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka kusa taka shi. Ruwa kullum. Albarushi ya jiƙe, in na ɗana bindiga sai ta yi mini tari kawai. Tsando ya kashe karnukan ɗaya bayan ɗaya kafin damina ta fita. Nakan fita da safe in dawo da yamma da matsattsaku a ƙafa da jaka wayam, in tarar uwarku ta ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su gane.

Sun gane. Mai ƙasar da muka sauka, marigayi Ojong, da matarsa Mama Besem, su suka riƙa aiko mana da rogo da ayaba da kifi, ba su taɓa nuna mana a fuska ba. Wata rana Mama Besem ta zo ta zaunar da ni a tsakar gida, ta zube tsagaggiyar tukurwa a gabana, ta koya mini saƙa gura, wato kwandon nan mai bakin mazurari da kifi ke shiga ya kasa fita. Ni da ubana ya kashe gwanki da kibiya ɗaya, ga ni a gaban mace ina saƙa kamar mai koyon faifai, matan gari suna leƙe suna dariya. Mu a Tsaskiya kamun kifi wasan yara ne a kududdufi. Na ji kunya ƙwarai a ranar, har na ƙi cin abinci. Yau da na san wata kunyar, waccan dariya take ba ni.

Ojong shi ya koya mini farautar kurmi: yadda ake tsayawa a saurara maimakon a duba, inda beguwa ke bi, inda gyazbi, ƙaton ɓeran daji, ke ɓarna, yadda ake naɗe albarushi a ganye a rataye bisa murhu. Shi ya nuna mini gurbin nan da ke ƙasan tudu, inda rafi ke taruwa kafin ya faɗa kogi, ya ce in riƙa sa gurata a ciki. Sharaɗinsu biyu ne, kuma duk baƙo haka ake yi masa. Duk abin da ka harbe, ƙafar gaba ta gidan mai ƙasa ce. Sannan sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ja, matan gari duka sukan datse rafin su kwarfe gurbin da kwanoni, babbar matar gidan mai ƙasa ta fara shiga, a raba kifin gida gida. Har da gidanmu ake rabawa, tun shekarar farko, tun ba mu iya gaishe su da harshensu ba.

Na biyu. Gurbin nan ba nawa ba ne, bai taɓa zama nawa ba, saboda haka ba ya cikin abin da za ku gada. Nusaiba, ja layi a ƙarƙashin wannan. Aro aka ba ni. Haka tudun da ke samansa, haka gonar rogon da ke gefe.

Armaya'u, da kai nake. Na san abin da za ka ce, don ka faɗa ka sake faɗa har kunnena ya gaji. Kai ka sare kurmin bakin gurbin, kai ka yashe laka ka zurfafa shi, kai ka sayo 'ya'yan tarwaɗa ka zuba, ka ciyar da su da guminka. Duk gaskiya ne, ba wanda ya fi ka aiki a gidana, jakin gidanmu ma na da bai kai ka ba. Kuma a ƙasarmu wanda ya sa gatari ya sare daji shi ke da gonar, haka kakanka ya sami ta Tsaskiya, haka ka ji daga bakina tun kana ƙarami. To, wannan hukuncin namu ne na Katsina. Bai hau kwalekwale tare da mu ba. A can ko ka shekara nawa kana sara, ƙasa ta dangin da ke da ita ce, kuma ruwa na gari ne.

Da ka zagaye gurbin da shingen waya ka sa ƙofa da kwaɗo, ciwo ya riga ya kwantar da ni. Na aika maka ka cire, ka ce sai bayan ka kwashe kifinka. Ranar kwarfa ina kwance a tabarma bakin ƙofa, daga nan ana hangen gangaren. Na ga matan gari sun taho da kwanoni a ka suna waƙa, Mama Besem a gaba da sandarta, tsohuwar da mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Na ji waƙar ta mutu. Na ga kana tsaye da makulli a hannu kana yi mata bayani, kai da ta yi wa jinyar zazzaɓi a kan gadonta. Ta aje kwanonta, ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe tana duban tudun da ke ciki, sannan ta juya.

Ka san abin da take dubawa. Da uwarku ta rasu babu maƙabartar Musulmi a garin. Ojong ya zo da kansa ya tambaye ni ina ne gabas, ya ba mu wuri mafi tudu a ƙasarsa, inda ambaliya ba ta kaiwa, wurin da ya keɓe don kansa. Tun daga ranar Mama Besem ke cire ciyawar kabarin, don a kurmi in ka bar wuri wata guda ba ka gane shi. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta san Fatiha ba, amma ba ta taɓa fashi ba. Shingenka ya haɗa da kabarin. Ka kulle ƙawar uwarka a waje, ɗana.

Wallahi da ƙasa ta tsage a ranar da na shige. Na yi tsufa, na ga gudun hijira, na ga yunwa, ban taɓa jin na zama ƙanƙani ba kamar a kan tabarmar nan.

Na uku. Dattawan gari sun yanke magana, kun kuwa ji: in ruwa ya sake ja aka tarar da shingen, gidanmu duka zai tashi, kai da Gambo da matanku da jikokina da ba su san wata ƙasa ba. Ban ga laifinsu ba. In kuka tashi, kabarin Hansai ya koma kurmi, ba mai sake gane shi har tashin ƙiyama. Damina ta fara ja da baya. Ina umurtarka, da hakkin da nake da shi a kanka, ka cire wayar nan da hannunka, da rana tsaka, kowa na gani. Kada ka sa yara, kada ka bari Gambo ya yi maka. Ka naɗe ta ka kai ƙofar Mama Besem, ka durƙusa yadda za ka durƙusa wa uwarka. Kifin da ka zuba kuma ya shiga rabon gari, a ba ka kason gida ɗaya kamar kowa.

Na huɗu. Ba na son ka tashi a tutar babu. Bindigata da ƙahon kakanka da warkinsa, in Gambo da Nusaiba sun yarda, naka ne, ba tare da an lissafa su cikin rabonka ba. Nusaiba ta ɗaga kai, ta yarda. Amma akwai bashi a kan bindigar. Tun rasuwar Ojong ka harbe gada ba sau ɗaya ba, ƙafar gaba ba ta je gidansa ba, ka ce ai mai karɓa ya mutu. Gidan bai mutu ba. Naman farko da za ka harbe da ita, ka kai shi ɗungurungum.

Na biyar. Gambo, kada ka karanta wannan kana murmushi, na san ka. Gaskiya tana wajenka, amma ka ɗauke ta ka rotsa wa wanka kai da ita. Kai ne ka je ka yanke waya a ɓoye, kuka yi kokawa a laka gaban mutanen da suka ba mu masauki, ka kira shi ɓarawo da harshensu don kowa ya ji, ka kwashe iyalinka ka koma ƙarshen gari. Wannan ma kunya ce, kuma ni na sha ta. Ranar da zai cire shingen ka tsaya kusa da shi, kada ka ce uffan, kada ka taya shi, amma kada ka bar shi shi kaɗai a gaban idon jama'a. Bayan nan ka mayar da matarka gida, tukunya ta koma ɗaya.

Na shida. Shari'a ta ba ni ikon yin wasiyya da sulusin abin da na mallaka ga wanda ba magajina ba. Na tambayi Malam, ya ce ya halatta ko ga wanda ba Musulmi ba. Kwalekwalena da injinsa da tarun da ke ciki na Mama Besem ne. Jikokinta za su ci abinci da shi. Ba biya ba ne, don abin da ta yi ba ya biyuwa.

Na bakwai, shi ne na ƙarshe, numfashi ya fara yi mini gardama. Ranar da aka ɗauko ni za a kawo ni gida, an kwantar da ni a kwalekwale, sai ga tsohuwar nan tana gangarowa da ƙunshi a ganyen ayaba. Tarwaɗa ce ƙyafaffiya, manya guda biyar. Daga baya na ji a wani rafi mai nisa ta kamo su, da ƙafarta mai ciwo, tunda nata gurbin a kulle yake. Ta aje a ƙafafuna, ta dafa mini gwiwa, ta ce in sha romo in warke in dawo. Na ja rawani na rufe fuska.

Kifin yana nan rataye a madafar Nusaiba. Sau da yawa ta so ta dafa mini, na hana. Kunya ba za ta bar ni in ci shi ba, alhali shingen yana tsaye. Na sa ta riƙa maimaita masa hayaƙi don kada ƙwari su shiga. Kada a taɓa shi a sadakar uku, kada a taɓa shi a ta bakwai. In an cire shinge, an nome kabarin uwarku, ku biyun ku hau mota ɗaya ku zo Batsari. A dafa shi, ku ukun ku zauna ku ci a kwano ɗaya. In kun tarar da ni, a ba ni romon. In ba ku tarar da ni ba, ku ci nawa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Allah Ya rufa muku asiri a ƙasar mutane da ƙasarku, Ya dawo da lafiya dajin Rugu. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada ku bar Nusaiba ta zama mai kai saƙo tsakanin 'yan'uwanta. Allah Ya jiƙan Hansai, Ya haɗa mu a inda babu gudun hijira.

Armaya'u, kifi ba ya daɗewa ko da hayaƙi. Ka yi sauri.