Turaku Masu Jan Ƙyalle

Birnin Kebbi, 2 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Hodi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Inna Kulu, yaya damina?

Kawu, aikin kammala jami'a ya mai da ni 'yar daji. An ce in bi ciyayin da ke fita a wuri uku: fadamar Zauro, bakin gulbi a Argungu, da tudunku na Gulma. Nakan kafa turaku, in ɗaura musu jan ƙyalle, in riƙa dawowa ina ƙirga abin da ya tsiro a tsakaninsu. A Zauro laka ta ƙwace mini takalmi ɗaya. A Argungu wani masunci ya sa na zauna har na ga bado yana buɗewa. Wallahi ban san ƙasarmu ba sai bana!

Gulma ce ta kashe mini jiki. Na kafa turaku goma sha biyu a gefen burtali, motar makaranta na jirana, ban ma shigo gaishe ku ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda, na dawo babu ko ɗaya. Malamina ya ce in ban gano ainihin gurbinsu ba, sai wata daminar, in maimaita shekara. Don Allah ka bincika mini.

Ɗiyarka, Ɗayyaba

Gulma, 6 ga Agusta

Ɗiyata Ɗayyaba,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, Allah shi ƙara sauƙi.

Wai ciyawa kike ƙirga? Ciyawar da muke kashewa da kalme? In kin ƙirga, wa zai ci? Sannan mi yas sa ƙyallen ja ne? Wa yab ba ki shi, kuma an karanta wani abu a kai?

Batun turaku, ana nan ana bincike.

Kawunki, Hodi

Birnin Kebbi, 9 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ja ne don a hango shi daga nesa, kuma tsohon ɗankwalina ne na yayyaga. Ciyawa kuwa, ita ke gaya mana ko ƙasa ta gaji ko kuwa da sauran ƙarfinta.

Amma Kawu, tambayoyin nan naka sun yi kama da na wanda ya taɓa riƙe ƙyallen a hannu. Faɗa mini gaskiya, ba na barci.

Ɗayyaba

Gulma, 12 ga Agusta

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Ni ne. Nig ga jan ƙyalle ya zagaye ƙuryar gonata, nic ce sammu ne, nit tuge su nik ƙone. Na ji kunya ƙwarai.

Amma gurbinsu bai ɓace ba. Kowane rami na danne shi da dutse don kada abin ya hito, kuma kullum da sahe ina zuwa in ga mi zai tsiro. Harkiya ta fara fita, sai tafasa, sai ƙarangiya a sati na ukku. Na riƙe su duka da ranakunsu, tsoro bai bar ni na manta ba.

Ki taho da littahinki ran Asabar. Wannan karon ki biyo ta ƙofar gida.

Kawunki mai neman gafara, Hodi